Kundin aiki: koya wa madubina bin taurari daga rufin gida a Kano

Asabar, 16 Nuwamba 2024

Yau saƙon ƙarshe ya iso, kayan aiki sun cika. Abin da nake so shi ne tsohon mazaunin madubin hangen taurarina, samfurin EQ5 wanda da hannu ake murɗa shi, ya koma yana bin sama da kansa, yana kuma gaya wa Stellarium, manhajar taswirar sama da ke kwamfuta, inda ya dosa. Madubin faɗinsa milimita 150, nisan tattara haskensa milimita 750. Abin da zai tuƙa mazaunin shi ne OnStep, manhajar kyauta da Howard Dutton ya rubuta, a kan bod ɗin ESP32, ƙaramin allon lantarki mai sarrafa injina.

Kuɗin da suka fita zuwa yau: inji mai taku guda biyu samfurin NEMA 17, N32,000. Bod da direbobin TMC2209 biyu, N41,000. Bel da fuli, N14,500. Batir mai bolt 12 daga kasuwar Sabon Gari, N21,000.

Ga lissafin da komai zai hau kansa. Injin yana yin taku 200 kafin ya zagayo, direba yana raba kowane taku gida 32, fuli mai haƙora 16 yana jan mai haƙora 48, wato uku bisa ɗaya, babban faifan mazauni kuma haƙoransa 144. Idan aka ninka su gaba ɗaya, zagaye guda taku 2,764,800 ne, ko 7,680 a kowane digiri. Duniya kuwa, idan da taurari aka auna juyinta, tana kammala shi cikin awa 23 da minti 56 da sakan 4, sakan 86,164 ke nan. Saboda haka sai inji ya riƙa yin taku 32.09 a kowane sakan kafin tauraruwa ta zauna wuri ɗaya.

Digiri ɗaya minti 60 ne na kusurwa, kowane minti kuma sakan 60. Duk inda nake nufin waɗannan zan ce "na kusurwa" don kada su cakuɗu da na agogo. Cikakken wata faɗinsa kusan minti 30 ne na kusurwa.

Laraba, 20 Nuwamba

Mai walda ya gama ƙarafan da za su riƙe injinan, N8,000. Na ɗaura su, na ja bel daidai.

Asabar, 23 Nuwamba

Gwaji a falo, ba a ko leƙa sama ba. Na haɗa waya, kwamfuta ta gane mazauni, sai ga wata 'yar da'ira ta fito a taswirar Stellarium tana nuna inda madubi yake kallo. Ɗan yayata da ke taya ni shi ya fara lura. Ya ce, "Kawu, inji fa a tsaye yake, amma dubi wannan lamba tana ta gudu." Lambar RA yake nufi. Da na kunna bin sama, inji ya fara ɗan gurnaninsa, lambar ta tsaya cik, sai lambar tsayi daga ƙasa da ta shiyya suka kama tafiya. Ya ce shi dai a ganinsa abin a juye yake.

Na zaunar da shi muka bi abin a hankali, domin a nan gaba ɗayan aikin ya rataya. Kowace tauraruwa tana da lambobi biyu a taswira. Dec ita ce nisanta arewa ko kudu daga ikwaitar sama, wato layin da ke sama daidai saman ikwaitar duniya, da digiri. RA ita ce matsayinta idan aka ƙidaya zuwa gabas, daga awa 0 zuwa 24, ana farawa daga inda rana ke tsallaka ikwaitar sama a watan Maris. Waɗannan lambobi a jikin taurari suke, tare suke fitowa tare suke faɗuwa. Shi kuwa mazauni a ƙasa yake kafe. Iyakar abin da ya sani shi ne taku nawa ya yi gabas ko yamma daga layin zawali, layin nan da ya taso daga arewa ya bi ta saman kai ya sauka kudu, wanda idan rana ta gota shi lokacin Azahar ya shiga. Wannan nisa daga zawali shi ne kusurwar awa.

Abin da ke haɗa su shi ne agogon taurari, wato RA ɗin da ke kan layin zawali a daidai wannan lokacin. Bod yana ɗebe kusurwar awa daga agogon taurari, abin da ya rage shi yake aika wa kwamfuta a matsayin RA. Idan inji a tsaye yake, kusurwar awa ba ta motsi, agogo kuwa yana tafiya, dole RA ta yi ta hawa. Idan inji yana bin sama, kusurwar awa tana ƙaruwa daidai da gudun agogo, sai bambancinsu ya zauna wuri ɗaya.

Mun gwada da agogon waya. Muka kashe bin sama, muka rubuta RA, muka jira awa ɗaya cur. Ta ƙaru da awa ɗaya da sakan 10. Wannan sakan 10 shi ne ke taruwa ya zama minti 4 ɗin da taurari ke riga rana fitowa a kowace rana.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mun yi duk wannan a cikin ɗaki, ƙarƙashin silin. Lambar ta tsaya cik ba tare da madubin ya ga ko da tauraruwa ɗaya ba.

Talata, 26 Nuwamba

Daren farko a rufi, kuma bai yi daɗi ba. Na dosa arewa da kintace, na sa Zuhalu (Saturn) a tsakiyar gilashin ido mai milimita 10 bayan Isha'i. Zobensa ya yi siriri sosai bana, kusan a gicciye muke ganinsa. Na kunna bin sama. A allo, RA ba ta motsa ko da sakan ɗaya ba, da'irar Stellarium tana zaune a kan Zuhalu. A gilashi kuwa yana ta zamewa, cikin kamar minti 5 ya fice daga fili gaba ɗaya. Da na lura da ɓangaren da ya bi, sai na ga madubin ne ke wuce shi zuwa yamma. Rashin dosa arewa daidai ba ya kawo gudu irin wannan.

Na sauko da inji na ƙirga haƙoran ƙaramin fulin da tsinke. Haƙora 20 ne, alhali 16 aka rubuta a takardar saƙon. Ke nan ragin ya koma 2.4 maimakon 3, kowane taku ya fi yadda bod ke zato tsawo da kashi ɗaya cikin huɗu. Madubi yana tafiyar sakan 18.8 na kusurwa a kowane sakan, sama kuma 15.04 take yi. Bod ba shi da hanyar sanin haka. Shi dai ya aika taku 32.09, ya lissafa cewa komai lafiya, ya shaida wa kwamfuta haka.

Na canza lambar taku zuwa 6,144 a digiri, na sake loda manhaja, Zuhalu ya daina gudu. Na kuma sake odar fuli mai 16, domin na fi son ƙananan taku.

Asabar, 30 Nuwamba

Matsalar zama kusa da ikwaita. Kano tana kan digiri 12 arewa, don haka cibiyar juyin sama, wurin nan a arewa da taurari ke zagayawa, digiri 12 kacal take sama da ƙasa. Waɗannan mazaunai da Turai da Amurka a rai aka ƙera su, inda sandar juyi, wadda dole ta dosa wannan cibiya, ke ɗagawa digiri 40 ko 50. A nan idan na kwantar da ita zuwa 12, ƙarfen nauyi da ke daidaita madubi yana dukan ƙafar arewa. Tauraruwar arewa ma katangar benen maƙwabci ta tare ta, in ma babu katanga hazo ya isa ya ɓoye ta.

Na kai wa mai walda zane ya yi mini bututu mai tsawon santimita 30 da za a ɗora tsakanin ƙafafu da kan mazauni. Ya duba ya ce, "Malam, in dai ba ka so ya yi rawa, sai mu sa mai kauri, kuɗin zai ɗan hau." Na yarda. N27,000.

Arewa kuma da rana na samo ta. Kamfas ɗin waya rikicewa yake yi saboda rodin da ke cikin dakin rufi. Na rataye zare da dutse, Stellarium ta nuna rana za ta hau zawali wajen 12:15, a daidai lokacin na ja layi da fenti a kan inuwar zaren. A wannan watan rana tana kudu da mu, inuwar tsakar rana arewa sak take nunawa.

Asabar, 7 Disamba

Yau Mushtari (Jupiter) yake fuskantar rana, wato duniya tana tsakaninsu, ya fi kowane lokaci girma a bana, faɗinsa kusan sakan 48 na kusurwa. Bututu ya zauna daram, nauyi ya daina dukan ƙafa.

Da na danna GoTo na farko, wato umarnin da ke tura madubi kan abin da aka zaɓa, madubi ya tafi ya tsaya nesa da Mushtari, fiye da tsawon tafin hannu idan an miƙa shi. Na kai shi da maɓallan waya, na danna Sync, umarnin da ke shaida wa bod cewa yanzu an dace da abin da ake nema. Daga nan komai ya yi kyau. Aldebaran, Rigel, Kaza da 'Ya'yanta, duk inda na tura shi yana kai su cikin babban gilashi. Na koma kan Mushtari na zauna ina kallon ɗigon watanninsa.

Ya kamata ya hau zawali wajen 12:20 na dare, na kuma sa iyaka cewa mazauni ya tsaya bayan minti 15 da gotawa, domin irin wannan mazauni sai an juya shi ɗaya gefen idan abu ya koma yamma. Ƙarfe ɗaya ta yi yana nan yana tafiya. Nauyi ya ɗaga sama, gindin madubi ya kusa taɓa bututu, waya ta miƙe tana neman tsinkewa. Na zare batir.

Litinin, 9 Disamba

An gano dalili. OnStep yana magana da yaren umarni na LX200, wanda kamfanin Meade ya fito da shi a 1992, kuma a wannan tsarin yamma ce ke ɗaukar alamar ƙari, gabas ta ɗauki ta ragi. Kano tana digiri 8 da minti 31 gabas da Greenwich, a bod kuwa lambar da alamar ƙari take zaune. Wato mazaunin ya ɗauka yana digiri 12 arewa da 8 da rabi yamma, can kusa da Bamako. Tazarar digiri 17 ce, minti 68 a agogon taurari. Shi ya sa a lissafinsa Mushtari bai ko kai zawali ba.

Sync ɗin da na danna shi ya lulluɓe matsalar. Ya gaya wa bod cewa inda kake kallo yanzu RA kaza ce, bod ya karɓa, ya gyara ƙidayar takunsa ta dace. Tazarar da ke tsakanin tauraruwa da 'yar'uwarta ba ta canzawa, shi ya sa GoTo ya ci gaba da dacewa. Abin da ya shafi ƙasa, wato zawali da tsayi da iyakar faɗuwa, shi ya tashi a karkace. Bambancin lokaci ma a juye ake rubuta shi a wannan tsari: Najeriya tana gaban Greenwich da awa ɗaya, amma ragi ɗaya ake sawa. Da a nan aka samu saɓani, da digiri 30 za a yi.

Na ƙara ɗan agogon DS3231 mai batirinsa, N4,000, domin bod yana mance lokaci duk sanda wuta ta yanke masa. Sakan ɗaya na agogo sakan 15 ne na kusurwa a sama.

12 zuwa 18 Disamba

Hazo ya sauka sosai, ga farin wata. Ban fito da madubi ba. Na wanke tsohon giris na sa sabo, N2,000, na ɗaure lako-lakon da ke tsakanin haƙoran Dec.

Asabar, 21 Disamba

Sama ta ɗan washe, sanyi kuwa har cikin ƙashi. Yau na daidaita sandar juyi ba tare da tauraruwar arewa ba, ta hanyar kallon zamewa. Na manna siraran zare biyu a gicciye cikin wani tsohon gilashin ido.

Mintaka na zaɓa, ta gefen yamma a cikin ukun nan da ke jere a ɗamarar Orion, saboda kusan a kan ikwaitar sama take, kuma wajen sha biyun dare tana kan zawali. Ƙa'idar a arewacin duniya ita ce: tauraruwar da ke kan zawali idan ta zame kudu, sandar ta yi gabas da yawa, idan ta zame arewa, ta yi yamma. Cikin minti 10 Mintaka ta zame kudu kimanin faɗin Mushtari, wato kusan sakan 5 na kusurwa a minti. Ana ninka wannan da 3.8 a sami kuskuren sanda da mintin kusurwa, ya ba ni kusan 18. A ce da inuwar zare da fenti aka samo wannan, ai ba laifi.

Na murɗa notin shiyya kaɗan zuwa yamma, na jira, na sake murɗawa. Aiki ne na haƙuri, kuma duk taɓawa sai an dakata madubi ya daina rawa. Bayan nan na koma gabas kan Regulus don gyara tsayi. A can idan ta zame kudu sandar ta yi ƙasa, idan arewa ta yi sama. Tawa ta yi sama kaɗan.

Duk tsawon lokacin da nake kallon zamewar tauraruwa lambar Dec a allo ba ta canza ba. Injin Dec bai yi taku ko ɗaya ba, don haka a wajen bod babu abin da ya faru. Na sa ɗan yayata ya riƙa kallon allo ni ina kallon gilashi, ina ce masa ta zame, yana ce mini, "Kawu, a nan dai tana nan." Dukkanmu gaskiya muke faɗa.

Na zana wa ƙafafu uku da'ira da fenti a daɓe don in riƙa mayar da su gurbinsu.

Lahadi, 29 Disamba

Wani abokina ya ara mini ƙaramar kyamarar taurari. Filin da take gani a wannan madubi kusan minti 26 ne a 15 na kusurwa, bai kai faɗin wata ba. Nan take wani ciwo da babban gilashi ya daɗe yana ɓoyewa ya fito fili.

Na yi Sync a kan Rigel da manhajar waya, na koma kwamfuta na danna gajimaren Orion, M42. Madubi ya tafi, allo ya nuna taurari 'yan kaɗan, babu gajimare. Yana can gefe, wajen minti 18 na kusurwa gabas da inda aka tsaya. Na gwada Shi'ira, wadda taswira ke rubutawa Sirius, ita ma ta kauce da kusan 16, ta ɓangare guda. Amma idan daga waya na tura shi, yana faɗawa tsakiya. Kuskure mai girma ɗaya da fuska ɗaya, daga hanya ɗaya kawai, ba daga ƙarfe yake ba.

Sandar juyin duniya ba a tsaye take ƙyam ba, tana yin tangaɗi a hankali irin na katantanwa idan ta fara gajiya, zagaye ɗaya cikin kusan shekara 26,000. Wannan yana jan wurin da ake fara ƙidayar RA da kimanin sakan 50 na kusurwa a shekara. Masanin taurari Hipparchus ya lura da shi tun ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, Al-Battani kuma, wanda ya yi aikinsa a Raƙƙa ya rasu a 929, ya auna shi digiri ɗaya a shekara 66. Awon zamani ya ba da kusan 72. Saboda wannan motsi, lambar tauraruwa ba ta da ma'ana sai an faɗi ta wace shekara ce. Kundayen taurari sun tsaya a kan tsakar ranar 1 ga Janairu 2000, shi ne J2000. Mazauni kuwa da sandar duniya ta daren yau yake aiki, lambobin yau yake so, waɗanda manhajoji ke kira JNow.

Shi'ira a J2000 tana awa 6 da minti 45 da sakan 9, Dec ragi 16 da minti 43. A yau tana kusan awa 6 da minti 46 da sakan 15, ragi 16 da minti 45. Sakan 66 na RA, idan aka mayar da shi kusurwa a wannan Dec, minti 16 ɗin nan ne da na gani. Kwamfuta tana aika lambar shekarar 2000, bod yana karɓarta a matsayin ta yau.

A cikin saitin madubi na Stellarium akwai zaɓi tsakanin biyun. Na mayar da shi JNow, M42 ya faɗo tsakiyar allo, taurari huɗun nan na cikinsa a rarrabe. Na daɗe ina kallonsa.

Wani abu da ya kamata mai irin wannan aiki ya sani: da ta hanya ɗaya na yi Sync da GoTo, da kuskuren ya ɓuya a wannan yanki na sama, sai an tafi nesa, musamman can arewa, ya fito da wani girman daban. Gara da ya fito mini a fili. Akwai wasu ƙananan gyare-gyare biyu da James Bradley ya gano a ƙarni na 18, karkatar haske saboda gudun duniya, kusan sakan 20 na kusurwa, da wata ƙaramar rawar sanda da ba ta kai haka ba. A matakin da nake yanzu ba su dame ni ba.

Laraba, 1 Janairu 2025

Fuli mai 16 ya iso, N3,500. Na ƙirga haƙoransa kafin in ɗaura. An koma 7,680.

Da gangan na sa gudun rana a kan Shi'ira, wato taku 32.00 maimakon 32.09. Cikin awa ɗaya ta zame kusan minti 2 da rabi na kusurwa, RA a allo kuma ta hau da sakan 10. Wannan karon allo da sama sun yarda da juna, domin bod ya san da kansa ya rage gudu. Zamewar da ta fito daga lissafinsa yana nuna ta. Wadda ta fito daga fuli ko sanda ko haƙori, ba ya ganinta.

Talata, 7 Janairu

Watan Rajab ya yi rabi a sama, sama kuma garau. Wata yana tafiya gabas a tsakanin taurari kusan digiri 13 a yini, wato kimanin faɗin kansa a kowace awa. Da gudun taurari, ramin da na sa a tsakiya yana ficewa daga kyamara kafin rabin awa. Da gudun wata, kusan sakan 14.5 na kusurwa a sakan, ya zauna sosai, RA kuma tana hawa da minti 2 da 'yan kai a awa. Hawan nan daidai ne, RA ɗin wata ce da gaske take canzawa.

Duk da haka yana zamewa arewa a hankali, saboda gudun wata injin RA kaɗai ya shafa, Dec ɗinsa kuwa ita ma tafiya take yi. Kusancinsa da mu ma yana da tasiri: inda mai kallo yake tsaye a doron ƙasa yana iya kautar da shi har kusan digiri ɗaya daga lambar da aka lissafa daga tsakiyar duniya. Idan aka zo neman jinjirin wata da GoTo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Alhamis, 16 Janairu

Mirrihi (Mars) yana fuskantar rana, duniya tana tsakaninsu, ja wur kusa da tauraruwar Pollux. An ɗauke wuta tun yamma, batirin kwamfuta ya mutu da wuri. Kallo kawai na yi da ido.

Asabar, 25 Janairu

Na bar kyamara a kan Mintaka rabin awa ina ɗaukar hoto a kai a kai. Tauraruwar tana zuwa gabas ta dawo yamma, tazarar kusan ɗigo 50 na hoto, kowane ɗigo sakan 0.8 na kusurwa, jimla kusan sakan 40. Kuma tana maimaitawa duk bayan kusan minti 10. Idan aka raba 86,164 da haƙora 144 za a sami sakan 598, lokacin da sukurun da ke tura faifai yake ɗauka ya zagayo sau ɗaya. Ke nan a jikinsa abin yake, bai cika zama da'ira sak ba, kuma kowane mazauni mai irin wannan sukuru yana da nasa gwargwado. Da ido ba a damuwa da shi. A hoto kuwa, idan na wuce sakan 15 taurari sai su zama 'yan sanduna.

OnStep yana iya haddace wannan kai-kawo ya riƙa rama shi, amma sai ya san a wane taku cikin 19,200 na zagayen sukurun yake duk sanda aka kunna shi. Wannan yana buƙatar ɗan maganaɗisu da na'urar jinsa a jikin fuli.

Asabar, 1 Fabrairu

Gwajin ƙasa-ƙasa. Iska tana lanƙwasa haske ta ɗaga tauraruwa sama da inda take: kusan minti 34 na kusurwa a bakin ƙasa, 5 a tsayin digiri 10, 1 a digiri 45. Na kama Spica wajen sha biyun dare tana digiri 10 a gabas, na bi ta da gudun taurari zalla. Kafin ta kai digiri 20, cikin kamar minti 40, ta koma baya da fiye da minti 2 na kusurwa, domin ɗagawar da iska ta yi mata tana raguwa tana hawa. A Kano taurari kusan a miƙe suke fitowa, don haka kusan duk zamewar a RA take. Da na kunna bin sama mai lissafa lanƙwasa a kan wata tauraruwar da ke biye da ita, zamewar ta ragu ƙwarai. Tun da daɗewa Edward King na Harvard ya ba da shawarar a ɗan rage gudu saboda wannan dalili, har yau wasu mazaunai suna da gudu mai sunansa. Tauraruwar arewa ma, da zan gan ta daga nan, da iska ta ɗaga ta da fiye da minti 4, ga kuma minti 38 da ke tsakaninta da ainihin cibiya.

Na kuma gwada ASTAP, manhajar Han Kleijn da ke duba hoto ta gane taurarin ciki ta faɗi inda madubi yake kallo. Wannan ce lamba ta farko a duk aikin nan da ta fito daga sama kai tsaye. Da J2000 take bayar da amsa, sai an juya ta zuwa ta yau kafin a miƙa wa bod. KStars, wata manhajar taswirar sama, tana yin juyin da kanta idan ta hanyar INDI aka haɗa, wato tsarin haɗa na'urorin hangen taurari da kwamfuta, don haka zan koma can don aikin hoto, in bar Stellarium don tsara abin da za a kalla.

Asabar, 15 Fabrairu

Jimlar kuɗi zuwa yau N153,000, ban da mazauni da madubi da na riga na mallaka. Kyamara ta koma wajen mai ita.

Kafin azumi ina so in ɗaura maganaɗisun sukuru in haddace kai-kawonsa. Sannan in sake aro kyamara in cika jadawali: wurare a gabas da yamma da saman kai da kudu, a kowanne in rubuta lambar da bod ya faɗa da wadda ASTAP ta gano, duka a JNow. Daga yadda bambancin ke sauyawa za a rabe abin da ya rage na sanda da na rashin daidaiton bututun madubi da na lanƙwasar ƙarfe, sai in san ko daidaitawa da taurari uku ta isa ko sai an ƙara.

Bayan Sallah, ginshiƙin siminti a rufi, don in daina kwance daidaiton sanda duk dare. Na tambayi magini, ya ce sai ya hau ya duba ko dakin zai ɗauki nauyin kafin ya faɗi kuɗi, kuma dole a gama kafin ruwan farko. Ƙaramin madubi na biyu da kyamararsa, wanda zai riƙa kallon tauraruwa ɗaya yana gyara wa inji tafiya, sai kuɗi sun samu.